Sabulun Gashi a Tankin Birki

Tun ranar da aka haifi Yaimara, hoto ɗaya ne a zuciyar Idalberto: 'yarsa ta cika shekara goma sha biyar, ta hau can saman kujerar baya ta motarsa marar rufi, rigarta ta baje kamar fure, shi kuma yana ja a hankali yana danna hon, mutanen birnin Santiago sun fito baranda suna ɗaga mata hannu. Ko fasinja yake jira a bakin dandali, da ya lumshe ido sai ya tsinci kansa a wannan rana. To, ga ranar ta ƙarato, saura mako guda.

Motar ta girme shi nesa ba kusa ba, gadon kakansa ce. Injinta na wata mota ne, fitilunta na wata, kuma Idalberto yana bugun ƙirji cewa babu ciwon da ba zai warkar mata da waya da tsohon tiyub ba.

Ciwo ɗaya ne ya ƙi jin magani. Robar murfin ɗan tankin man birki ta tsufa ta tsage. Duk ramin da motar ta faɗa, sai man ya tsarto ya bi jikin ƙarfe. Ya yanki tiyub ya naɗe murfin. Da man birki ya yi wuyar samu a gari, sai ya yi abin da direbobin layinsu suka saba: ya dama sabulun wanke gashi da ɗan mai da barasa, ya cika tankin.

Nivaldo, maƙwabcinsa bakanike, wanda ya riƙe Yaimara ranar baftisma, ya leƙa ƙarƙashin bonet ya shinshina.

"Compay, aminina, wannan mota ce ko shagon gyaran gashi?"

Suka yi dariya. Amma da dariyar ta lafa, Nivaldo ya ce a bar masa motar kwana biyu. Zai sa a yanko sabuwar roba, ya zubar da wannan kwaɗon, ya nemo man gaske ko daga ina ne, ya fitar da iskar da ta shiga. Idalberto ya ce ai kwana biyun nan na mai fenti ne, an riga an yi magana, ruwan hoda za a fesa mata daidai da launin rigar yarinya.

"Bayan biki na kawo maka ita," in ji shi, yana shafa ƙofar motar. "Birki ba ya fitowa a hoto, mutumina."

Ranar ta zo da safiya mai taushi. Teku na walƙiya daga nesa, ƙamshin gasasshen alade da kofi ya cika layi. Yaimara ta fito a kan takalmi mai tsini, karo na farko a rayuwarta, tana tafiya kamar mai taka ruwa. Da yamma za ta yi rawar buɗe biki da mahaifinta, rawar da suka daɗe suna koya a tsakar gida yana taka mata ƙafa tana yi masa tsiya. Mahaifiyarta, Odalys, ta ɗora ta a saman kujerar baya, ta gyara mata riga, sannan ta shiga gaba.

"Papi, mu bi ta gangaren unguwar Tivolí," in ji yarinyar. "Ina so a gan ni tun daga sama har bakin teku."

Wa zai ce mata a'a a rana irin wannan?

Suka fara sauka. Tsofaffi masu buga wasan domino suka miƙe suna tafi, wata mata ta watso furanni daga bene. Idalberto ji yake kamar motar ba ta taɓa ƙasa. A kwanar farko ya taka birki, ya ji shi laushi kamar burodi. Ya sake takawa, ya kama. A zuciyarsa ya roƙi tsohuwar motar ta yi masa haƙuri, yau kaɗai.

A tsakiyar gangaren, ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

Ya taka, ya sake takawa, babu komai. Ya finciko birkin hannu, wayar da ya ɗaure shi da ita ta tsinke. Motar ta ƙara wuta, mutane kuwa sai ƙara tafi suke, sun ɗauka burga ce. A ƙasa, a mararraba, wata babbar mota maƙil da fasinjoji ta tsaya ta tare hanya. Ya murɗe sitiyari ya nufi katanga.

Abu na ƙarshe da ya gani a madubi shi ne rigar nan ta tashi sama, a hankali, kamar iska ce ta ɗauke ta.

Shi ya karye a haƙarƙari, Odalys ta fashe a goshi. Yaimara, da ba ta da abin riƙewa a can sama, ta faɗo da baya a kan bakin kwalta. Likita ya ja iyayen gefe ya gaya musu cewa lakar bayanta ta yanke, ba za ta sake tsayawa da ƙafafunta ba.

Da ta farfaɗo, ta daɗe tana kallon rufin ɗakin. Sannan ta juyo da ido gare shi.

"Papi, me ya sami motar?"

Nivaldo yana tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Idalberto ya kife fuskarsa a gefen gadon.

Mai karatu, dabara tana da iyaka, kuma birki ba wurin gwada ta ba ne. In ka ga ɗigon mai a murfin birkinka, ajiye motar ka gyara yau, domin "bayan biki" ba kowa yake kaiwa da ƙafafunsa ba.