Fuska Ɗaya a Cikin Taro

"Zaɓi fuska ɗaya a cikin taro, ka yi mata magana." Shawarar da na ba shi ke nan, ɗalibina ɗan tsaunukan Enga, wanda wata uku bai buɗe baki ba a ajin koyon jawabi.

Yau da rukuninsu ya fito gaban aji, shi ya nemi ya yi jawabin rufewa. Akwai busasshen taɓo a bayan kunnensa, ragowar wanda ya shafa bisa al'adarsu a makokin wansa da 'yan ƙabilar ƙetaren kogi suka sare a gonar dankali.

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya yi magana a kan shirun dangi, yadda yake ƙara wa mai kisa ƙarfin gwiwa. Tafi ya ɓarke.

"Kai, ashe beben yana magana!" in ji wata ɗaliba.

"Malama, na iya?"

"Ka iya, ɗana. Wannan jawabi sai ya tayar da gari."

"Madalla. Gobe zan maimaita wa mazan ƙauyenmu."

Sai lokacin na waiwayi inda ya kafe ido tun farko. Wani ɗalibi a layin baya, ɗan ƙabilar ƙetaren kogin, bai tafa ba. Littattafansa yake cusawa a jaka cikin sauri.