Bikon da Ya Tsaya a Waƙar Farko

Chindo mawaƙi ya tsaya gaban Sajo, mai tura waƙoƙi a waya a tashar Konni, yana roƙo.

"Don Allah ka riƙa tura wa mutane faifaina duka. Waƙa goma ce."

"Malam Chindo, wa ke sauraren goma yanzu? Ta farko suke so. Ta karɓu har Badagishiri."

A Badagishiri matar Chindo, Tsahara, take, wata huɗu da yin yaji. Faifan nan bikonta ne. A waƙar farko ya zuba fushinsa, har ya kira ta butulu. Sauran taran duk ban haƙuri ne.

Sajo ya kau da kai.

"Jiya ma surukinka ya zo na tura masa ita kaɗai. Wai alƙali zai kunna wa."