Sabon Bel a Jikin Ƙusa

Duk unguwar Lamadji an san a-kori-kurar Mijinyawa da kukanta. Da ya tayar da ita da safe sai wata doguwar tsuwa ta fito daga inji, har kajin maƙwabta su watse. Da ita yake kwaso tumatir da albasa daga lambunan bayan gari, ya kai wa mata masu sayarwa a unguwar Moursal. Matarsa Hansai ba ta duba agogo, kukan motar ya ishe ta. 'Yarsu Lubna kuwa, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, tun motar na kan kwalta take gane ta, ta ruga ƙofa tana cewa, "Baba ya dawo!"

Inusa makaniki, wanda suke sallah a masallaci ɗaya, shi ya fara yi masa magana. Ya buɗe gaban motar, ya murɗa bel ɗin da yatsa, wato igiyar robar nan da ke zagaye gaban inji. Cikinsa duk ya tsattsage kamar faso a diddige.

"Mijinyawa, wannan ya gama aiki. Shi ke sa sitiyari ya yi taushi, shi ke ba batir wuta. Ranar da ya tsinke, sitiyarin nan ƙagewa zai yi a hannunka."

"Kai Inusa, ba ka taɓa ganin mota ka ce lafiyarta ƙalau ba."

"Kawo ta da safe. Kafin shayi ya dahu na gama."

"Ambakir," in ji Mijinyawa da Larabcin gari. Gobe ke nan.

Ba rowa ce ta hana shi ba. A makon nan ya sayo sabon bel, ya rataye shi a jikin ƙusa a zaure. Amma lokacin tumatir ne, kuma wanda ya makara da safe, wani direba ne zai kwashe kayansa. Sai wani abokin aikinsa ya koya masa dabara: a goga wa bel sabulun wanki, ya yi shiru.

Daga nan kullum da safe sai ya leƙo tsakar gida.

"Hansai, miƙo maganin nan."

Ta yanko masa guntun sabulu. Ya goga, ya tayar da mota, shiru.

"Kin ji? Kalas, an gama."

"Baban Lubna, sabuluna dai a kan motarka zai ƙare. Ga sabo can rataye, sai gizo-gizo ya yi saƙa a kai?"

"Bari tumatir ya wuce."

Ta yi dariya ta koma wurin murhu. Kafin la'asar sabulun ya gushe, motar ta dawo gida da kukanta, Lubna ta ruga ƙofa.

Ran wata Alhamis ya yi lodi har sama da bodi. A hanyar dawowa, daidai wata kwana, ga babbar mota tafe, bel ɗin ya tsinke. Masu lambun da ke bakin hanya sun ce sun gan shi ya miƙe daga kujera yana jan sitiyari da hannu biyu. Motar ba ta karkata ba.

Wajen azahar wani mai babur ya yi sallama a ƙofar gida. Hansai na wanki da ragowar sabulun safe. Ta saurare shi har ya gama. Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, ta ɗauko ta biyu ta matse. Sai da maƙwabciyarta Maiturare ta shigo ta cire mata hannu daga cikin roba ta zaunar da ita.

An kai Mijinyawa makwancinsa bayan la'asar. Hansai ba ta yi kuka ba. Mata suka cika gida, aka ba ta kunu ta sha, aka ce ta kwanta ta kwanta. Ta ji ana cewa kwalta ta yi ja da tumatir. Ta gyaɗa kai.

Ranar uku Inusa ya zo gaisuwa. Aka shimfiɗa wa maza tabarma a zaure, wurin zamansa ya faɗo daidai ƙarƙashin ƙusar. Ya ɗaga kai sau ɗaya, bai sake ba. Da zai tafi ya tsaya bayan labule.

"Maman Lubna, Allah ya ba da haƙuri. Na je na ga motar. Guntun bel ɗin har yanzu da sabulu a jiki. Da na biyo shi gida na ɗaura masa sabon da kaina."

"Yana nan a ƙusa," in ji ta.

Yana nan har yau. Tana cikin takaba wata mota ta fara bi ta layinsu da yamma, ita ma da irin wannan tsuwa. Lubna ta yar da kwanon da ke hannunta ta ruga.

"Baba ya dawo!"

"Ba shi ba ne. Dawo ki ci abincinki."

"To na waye?"

"Na wasu ne."

Yarinyar ta tsaya a zaure har ƙarar ta ɓace. Washegari ta sake rugawa.

Jama'a, rai na Allah ne, mun sani. Amma bel ɗin da ke kuka gargaɗi yake yi, sabulu kuwa bakinsa kawai yake rufewa. Direbobi, ku duba bel ɗinku, in ya tsage ku canza shi a ranar, kada ku jira kasuwa ta lafa. Ku kuma mata, in an ce ku miƙo sabulu, ku ce babu.