Ragowar Shekara Biyu

Jami'in rajista ya ɗaga takardar sakamakon, ya dubi hoton da ke manne a kai, ya dubi matar da ke zaune a gabansa.

"Shekara goma sha huɗu, amma ko kaɗan ba ki canza ba," in ji shi yana dariya. "Darussan da kika ci a tsohuwar jami'arki duk mun karɓa. Daga aji uku za ki ɗora."

Ta yi godiya ƙasa-ƙasa. Da ya miƙo mata biro, sai da ta ɗan dakata kafin ta sa hannu.

Sakatariya ce a wani kamfanin sayar da kayan gini, kuma Sakatariya kowa ke kiranta, har masu dako. Daga takwas zuwa huɗu tana buga wasiƙu tana amsa waya. Ƙarfe biyar a aji take yi mata, da ƙurar siminti a gefen mayafi. Manaja ya ce ta riƙa ɗaukar ƙaramar motar kamfani don kada ta makara, ta ce motar haya ta ishe ta.

Karatun ya ba ta wuya fiye da kowa. Takardarta ta nuna ta ci darasin ƙididdiga da maki mafi girma, amma a makon farko malamin ya jefo mata tambayar 'yan aji ɗaya, ta yi tsuru-tsuru.

"Hajiya, buga wasiƙa ya cinye lissafin ke nan?" ya ce, aji ya kwashe da dariya.

Washegari ta sayo tsofaffin littattafan aji ɗaya da na biyu, ta faro daga shafin farko. Lokacin cin abincin rana ya zama na karatu. Idan ana kiran suna a aji, sau da yawa sai an maimaita kafin ta amsa, abokan karatu suna tsokanarta wai tsufa ya fara taɓa kunne.

Mama ba ta sa wa abin albarka ba, ba ta kuma hana ba. Wata safiya, Sakatariya ta fito daga ɗakin baya riƙe da bokiti da tawul, ta tarar da ita tsaye a bakin ƙofa.

"Kin san wannan ba zai gyara komai ba, ko?" in ji Mama.

"Na sani, Mama."

"To, wahalar ta mece ce?"

"Shekara biyu kawai suka rage. Ba na iya ganinsu a ajiye."

Kowace jarrabawa ta ci, sai ta ji kamar ta fito daga shagon mutane da kaya a ɓoye cikin riga. Sau biyu tana zuwa ƙofar jami'in rajista da niyyar faɗa masa gaskiya. Na farko ta tarar da layi, ta ji daɗi. Na biyu babu kowa, ta tsaya tana kallon mariƙin ƙofar, sannan ta juya.

Da sakamakon ƙarshe ya fito, Manaja ya kira ta ofis.

"Ki kawo mini takardar digirin. Kujerar mataimakiyata ke take jira."

"Ranka ya daɗe, a ba wani."

Ya ɗauka kunya ce, ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ranar bikin yaye ɗalibai ba ta gayyaci kowa ba, ba ta tsaya ɗaukar hoto ba. Ta karɓi takardar, ta mayar da rigar bikin, ta hau motar haya zuwa gida. Mama ta ga abin da ke hannunta, ta kauce mata daga hanya, tana share ido da bakin zane.

Sakatariya ta tura ƙofar ɗakin baya, ta durƙusa gaban keken guragu, ta buɗe takardar yadda za a iya ganin rubutun.

"Ga shi, na ƙarasa miki. Duba, sunanki ne a kai. Ki yafe mini."

Mai keken ta ɗago fuska irin tata sak, ta kafe ta da ido ba magana, yadda take yi tun ranar da Sakatariya, wadda a lokacin ko ƙofar jami'a ba ta taɓa shiga ba, ta nace ita za ta tuƙa motar da za ta kai abokiyar tagwaicinta makaranta, suka yi hatsari a hanya.