Tagar da Ke Bayan Salansa

"Yaya, numfashin 'yarka ya sake sarƙewa," in ji ƙanwar wani direban tirela a waya. "Likita ya ce hayaƙin motocin da ke layin iyaka a ƙofar gidanmu ne."

Direban ya daki sitiyari. "Marasa imani! In na dawo sai na ci kwalar wani!"

Shi ma kwanansa uku a layin wata iyakar, yana jiran a buga wa takardunsa hatimi. Bai kashe inji ko sau ɗaya ba, domin batirinsa ya mutu murus. In ya kashe tirelar, kafin ta tashi na baya sun cinye layinsa.

Ya leƙa madubi ko ma'aikacin iyaka na tafe, sai ya ga inda salansarsa ta dosa: wata 'yar taga, bangonta baƙi ƙirin. A ciki wata mata ce rungume da yarinya, tana yi mata fifita da murfin tukunya.

Ya murɗa makulli. Da injin ya yi shiru, sai ya ji tarin yarinyar, wanda ƙarar injin ta kwana uku tana rufewa. Irin na 'yarsa ne sak.