Uban Maruƙan Bakin Dam

Ranar da sakamakon gwajin jinin maruƙansa ya dawo, wani dattijo makiyayi ya shiga ofishin rajistar shanu a Talata Mafara da shirin shan kunya. Shi ya fi kowa ɗaga murya a taro, wai asalin saniya a tozo ake ganinsa, ba a kwalba ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye rugarsa ba shi da bijimi, amma shanunsa sai haihuwa suke yi. In jini ya nuna gauraye, za a soke garkensa daga rajistar shanun bokoloji.

"Baba, maruƙanka bakwai tsantsa ne," in ji malamin dabbobi. "Ubansu guda, bijiminka mai lamba arba'in. Kawo shi mu gani."

Dattijon ya nemi kujera. Shekara huɗu ke nan da ya bar bijimin ɗaure a turke, don masu awon dam su san ruwa ba zai iso rugarsa ba. Ruwa ya iso, ba wanda ya kwance shi.

"Ina kake shayar da shanun?" malamin ya tambaya, bayan ya ji labarin bijimin.

"Bakin dam," ya ce a hankali. "Sukan shiga har wuya, su daɗe."