Ƙaguwar da Ke Cinye Dashen Baƙi

Tamsin ta durƙusa a kan yashi da abin awo a hannu, tana neman gawar itace. Ko tsinke ba ta samu ba.

A nan ɗaliban zangon da ya wuce suka dasa tiri, itacen nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri yana kare gaɓa daga zaizaya. Haka ake yi tun da wata jami'a a Adelaide ta gano cewa ci gaba mai ɗorewa ya fi shiga kai a inda ake da inuwar kwakwa. Kowane zango sai ta turo mana ɗalibai nan Fiji. Su sha yangona, jiƙon saiwar da muke karɓar baƙi da shi, suna yatsine fuska, a makon ƙarshe su dasa tiri a shimfiɗaɗɗen yashin da ke bayyana gaban coci idan teku ta janye, a ɗauki hoto, su tafi. Na bayansu su zo su tarar da wurin fayau kamar tafin hannu.

Wannan ɓatan Tamsin ta ɗauka a matsayin bincikenta. Malamarta ta gargaɗe ta: in ba ta kamo mai laifi ba, ba digiri bana.

An sauke ta a gidan Momo Nemani, dattijo mai karyayyen hanci wanda ba ya rabuwa da usur a wuya. Ta ɗauka na kiran kwale-kwale ne.

"Momo, me ke cinye dashen?"

Ya daɗe yana duban teku. A wajenmu, baƙon da ya kawo saiwar yangona aka karɓa ba a ce masa a'a, ba a kuma gaya masa abin da zai sa ya sunkuyar da kai. Malamin jami'ar da ya fara nuna wannan yashi da yatsa ya ce a nan za a yi dashe ya kawo saiwa mai kyau.

"Ƙaguwa," in ji Momo Nemani.

"Har da saiwa?"

"Ƙaguwarmu ba ta son almubazzaranci, 'yata."

Sai Tamsin ta yi abin da babu ɗalibin da ya taɓa yi. Ta yi dashenta a makon farko. Ta kewaye wurin da ragar waya, ta ɗaure ta a jikin wasu dogayen sanduna da ta tarar a kafe, biyu a wannan ƙarshe, biyu a wancan, waɗanda ta rubuta cewa ma'aunin cikar teku ne na gargajiya. Daga nan ta kafa laima ta tare a wurin.

Gari ya yi tsit. Da la'asar, in ruwa ya janye, samari sukan jeru a bakin raga, ƙarti masu wuya kamar turmi, su harɗe hannu suna kallon tsiron suna ajiyar zuciya. Tamsin ta rubuta cewa matasan yankin suna da shaƙuwa mai zurfi da muhalli. Ran Asabar sukan tafi tsibirin maƙwabta su dawo ba mai ɗaga kai, Nei Mereoni, matar Momo, tana jiransu a gaɓa.

"Yau ma? Ai da kun zauna kun kankare mini kwakwa, da an ce kun yi wani abu."

Wannan kuma Tamsin ta sa shi a babin damuwar sauyin yanayi.

Don kwatance, ta shiga kurmin tirin da ke bakin kogi, inda aka ce mata ba ɗalibin da ya taɓa taka wurin. Abin ya burge ta. Itatuwan sun fito sahu-sahu, na baya dogaye, na gaba gajeru, kamar matakala. A wani reshe ta ga shuɗin zare irin wanda ɗalibai ke ɗaura wa dashensu. Ta rubuta shafi mai ratsa zuciya a kan sharar da teku ke kwasowa.

Dashenta kuwa ya kama. Ya yi ganye, ya yi kore shar, ko ɗaya bai ɓata ba. Hujja ta tabbata: raga ta hana ƙaguwa. Malamarta ta aiko da yabo.

A walimar bankwana, Tamsin ta miƙe da hawaye ta ce ba za ta iya barin 'ya'yanta haka ba. Tana tunanin roƙon jami'a ta ƙara mata zango guda.

Wani saurayi ya ƙware da yangona. Sauran suka zuba wa tabarma ido.

Momo Nemani ya gyara zama. Bai ce a'a ba. Ya yi magana mai tsawo a kan uwa, da yadda take duban hanya, da yadda itace ke iya jira amma tsohuwa ba ta iyawa.

"Gidan nan gidanki ne, 'yata. Amma in na riƙe ki, da wane ido zan dubi mahaifiyarki?"

Bai taɓa ganin matar ba. Tamsin ta yi kuka, ta rungume Nei Mereoni, washegari ta hau kwale-kwale da takardarta a kan ɓarnar ƙaguwa.

Kwale-kwalen bai gama shan kwana ba usur ya yi ƙara. Samari suka naɗe raga, suka ciro kowane dashe da lakarsa, a hankali kamar ɗaukar jinjiri, suka kai bakin kogi suka jera sabon sahu a gaban na zangon da ya wuce. Aka mayar da sandar gicciye a kan dogayen sandunan nan, suka koma turakun gola. Sannan Momo Nemani, kocin ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta gari, wadda bana kowa ya lallasa saboda rashin wurin atisaye, ya cilla ƙwallo sama, ƙaguwoyi suka koma filinsu.